Bayan Haihuwar Fiɗa, Yaushe Mai Jego Za Ta Hau Hanya?

Yau filinmu na lafiya da noma zai yi magana a kan matar da ta haihu ta hanyar aiki. Likitoci suna kiran wannan haihuwa sezariyan. Mu kuwa a Kance da kewaye mukan ce an yi mata aiki, ko an yi mata fiɗa. Idan naƙuda ta yi tsawo, ko yaro ya zo a gicciye, ko ƙugun uwa ya yi masa kaɗan, ko jini ya ɓalle, sai likita ya yanka ciki ya ciro jariri. Akwai mata da muke gani yau suna goyo, waɗanda da ba don wannan aiki ba, da tuni an yi zaman makokinsu.

Tun shekarar 2005 gwamnatin Nijar ta ba da umarni a riƙa yin wannan aiki kyauta a asibitocin gwamnati. Duk da haka, binciken lafiyar iyali na ƙasa da aka yi a 2012 ya nuna cewa cikin haihuwa 100, ko 2 ba su kai ba waɗanda aka yi ta hanyar fiɗa. Ke nan a ƙauyukanmu abin bai zama ruwan dare ba. Tsofaffin gida sun san jegon matar da ta haihu da kanta. Jegon wadda aka yi wa aiki kuwa, da yawansu ba su taɓa yin sa ba. A nan ne ake samun kuskure.

Tambayar da aka fi yi a manyan birane ita ce: yaushe mai jego za ta koma tuƙin mota? A wajenmu ma akwai masu wannan tambaya. A Damagaram da Matameye akwai malaman makaranta mata, da ma'aikatan lafiya, da ƴan kasuwa, masu tuƙa mota ko babur da kansu. Amma mafi yawan matanmu ba tuƙi suke yi ba, ɗaukar su ake yi: a bayan ɗan kabu-kabu, a amalanken shanu, a cikin motar kasuwa da ta cika maƙil. Saboda haka za mu faɗaɗa tambayar. Yaushe za ta tuƙa, yaushe za a ɗauke ta, kuma a kan me?

Abin da wuƙar likita ta ratsa

Kafin likita ya kai ga jariri, sai ya ratsa abubuwa da yawa. Zai yanka fata a ƙasan mara, tsawon santimita 10 zuwa 20. Zai ratsa kitse. Daga nan sai ya tarar da wani farin tantani mai ƙarfi, wanda shi ne ke riƙe da kayan ciki. Duk wanda ya taɓa feɗe akuya ya san shi. Likita zai yanka wannan tantani, ya raba naman ciki gefe da gefe, sannan ya yanka mahaifa. Bayan an ciro yaro da mabiyiya, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya ana ɗinkewa.

Abin da ido ke gani shi ne ɗinkin fata kawai. Ita fata ba ta da wuyar haɗewa. Cikin mako 1 zuwa 2 bakin ciwon ya rufe, an cire zare, kowa ya ce Alhamdu lillahi ta warke. Ba ta warke ba tukuna. Ku dubi katangar ƙasa da aka yi wa sabon yaɓe: rana ɗaya waje ya bushe, amma in ka danna da yatsa ka ji ciki da sauran danshi. Haka ɗinkin ciki yake. Farin tantanin nan yana bukatar kamar mako 6 kafin ya yi ƙarfin da za a dogara da shi, kuma sai ya yi watanni kafin ya kusanci ƙarfinsa na da. Idan aka matsa masa tun yana ɗanye, yana iya buɗewa ta ciki alhali fata tana rufe. Daga baya sai hanji ya turo ta wurin, ya yi ƙullutu irin na ƙaba, sai an sake wani aikin.

Mako 6 kwana 42 ke nan. Iyayenmu sun ce mai jego ta yi arba'in a ɗaki. Tsakanin lissafin likita da na tsofaffi, kwana 2 ne kawai. Wannan ya isa ya sa mu daraja arba'in ɗin nan.

Mai tuƙa mota

Babu wata rana guda da likitocin duniya suka haɗu suka tsayar. A Ingila hukumar lafiya tana gaya wa mata cewa mai yiwuwa ba za su iya tuƙi ba har zuwa mako 6, kuma kamfanonin inshora na can sukan so mace ta tuntuɓe su kafin ta koma. A Amurka likitoci da yawa sukan ce mako 2 ya isa, muddin mace ta daina shan magani mai sa barci. Me ya kawo bambancin? Jikin mata ba ɗaya ba ne, aikin ma ba ɗaya ba ne. Wadda aka shirya wa aiki tun da wuri, ta shiga da ƙarfinta, ba daidai take da wadda ta kwana biyu tana naƙuda a ƙauye, ta zubar da jini, sannan aka kai ta asibiti ba. Kuma galibin motocin Amurka ba su da kuloci, hanyoyinsu shimfiɗaɗɗu ne. Motocinmu sai an taka kuloci an canja giya, ga ramuka, ga awaki, ga yara masu gifta titi da gudu. A ganinmu, matar Kance ko Matameye ta riƙe lissafin arba'in, sai fa in likitan da ya duba ta ya ce mata ta iya kafin nan.

Wasu suna zaton abin tsoro shi ne kada ɗinki ya tsinke saboda zama a kujerar direba. Zama ba ya tsinka ɗinki. Abin tsoron yana wajen birki. Duk lokacin da mutum ya taka birki da ƙarfi, naman cikinsa yana ɗaurewa. Idan wurin yana ciwo, jiki yakan ja baya da kansa kafin hankali ya ba shi umarni. Ƙafa sai ta yi jinkiri, ko ta taka da rabin ƙarfi. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a cikin daƙiƙa guda. Mita 14 ya fi tsawon ɗakuna uku a jere. In yaro ne a gaban motar, wannan daƙiƙa ita ce ransa.

Saboda haka kalanda kaɗai ba ta isa ba. Ga gwajin da mai jego za ta yi a ƙofar gida, mota a kashe. Ta shiga ta zauna, ta ɗaura ɗamarar kujera. Ta taka birki da dukkan ƙarfinta, farat ɗaya, kamar akuya ta faɗo gabanta. Ta maimaita sau uku. Ta taka kuloci har ƙasa sau goma. Ta juya jikinta ta waiwaya baya ta dama, ta waiwaya ta hagu, kamar za ta yi baya da mota. Idan ta ji suka a wurin ɗinki, ko ta ga ta ciji leɓe, ko hannunta ya kai mara ba da saninta ba, to lokaci bai yi ba. Ta ƙara mako guda ta sake gwadawa. Idan ba ta ji kome ba, ta fara da gajeriyar tafiya cikin gari, da rana, da wani babba a gefenta, ba tare da jariri ba a karon farko.

Kada a bar ɗamarar kujera don tsoron ciwo. Igiyar ƙasa ta bi ta kan ƙasusuwan ƙugu, kada ta hau kan ciki. In tana gogar tabon, a ninka zane mai laushi a sa a tsakani.

Akwai kuma abubuwa uku da ke hana tuƙi ko da ɗinki ya daina ciwo. Na farko magani. Tiramol da kodin suna sa barci da jiri, suna rage saurin hankali. Bayan haka suna bi ta nono su shiga jikin jariri, su sa shi barci mai nauyi, har numfashinsa ya yi rauni. Mun san yadda tiramol ya yawaita a hannun masu tallar magani a kasuwanni. Kada mai jego ta saye shi, kada miji ya sayo mata. Farasitamol ba ya sa barci, amma shi ma a sha yadda likita ya rubuta. Na biyu ƙarancin jini. A wajen fiɗa mace tana iya rasa rabin lita zuwa lita guda na jini, alhali da yawa cikin matanmu tun da ciki jininsu bai cika ba. Wadda ke ganin duhu in ta miƙe tsaye, ko zuciyarta na bugawa da sauri in ta yi ɗan tafiya, ba ta da hurumin riƙe sitiyari. Ta ci gaba da shan ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta, ta samu zogale da wake da hanta da kifi gwargwadon hali. Na uku rashin barci. Uwar da jariri ya tasa sau huɗu cikin dare, gyangyaɗi na iya ɗaukar ta a kan hanya.

Ga ma'aikaciya, dokar aiki ta Nijar ta ba ta hutun haihuwa na mako 14, kuma mako 8 daga ciki bayan haihuwa ne. Ke nan hutun ya wuce arba'in. Babu dalilin da zai sa ta yi gaggawar komawa ofis ko aji a kan babur.

Babur ya fi mota wuya

Wannan magana ce da ya kamata a ji da kyau, domin babur ya fi mota yawa a ƙasarmu nesa ba kusa ba. Mota tana tsaye da ƙafafunta huɗu. Babur kuwa mai shi ne ke riƙe da shi. Nauyinsa ya kai kusan kilo 100. Sai an ture shi daga zaure, an ɗaga shi daga kan ƙafarsa, an buga masa ƙafa ya tashi. Idan ya karkata a cikin rairayi, sai an sa ƙafa ƙasa an yunƙura an tare shi. Duk wannan da naman ciki ake yi. Kuma wanda ya san hanyoyin da ke fita daga kwalta zuwa Dungu, ko Yawuri, ko Icirnawa, ya san rairayi ba ya yi wa babur sallama kafin ya kayar da shi. Mai tuƙa babur ta cika arba'in cif, ta je a duba ta, sannan ta gwada ture shi da tare shi a tsakar gida. In ta ji ciwo ta jira. Ranar da ta fara hawa, ta sa hular kwano, kuma ta bar jariri a gida.

To, wadda za a goya a baya fa? Gaskiyar magana, gargada ita kaɗai ba ta cika tsinka ɗinki ba, ko da yake tana sa azabar ciwo. Haɗarin yana wajen ɗaga ƙafa a hau, da yunƙurin riƙe jiki duk lokacin da babur ya faɗa rami, da kuma faɗuwa. Matar da ta faɗi daga babur da ɗinkin kwana 5 a cikinta, da jariri a hannu, rayuka biyu ne aka sa a caca. A makonni biyu na farko muna cewa a guji babur matuƙar akwai wata hanya. Daga nan har zuwa arba'in, sai don lalura, kamar zuwa awo.

Mun san akwai ƙauyen da mota ba ta shiga, musamman da damina in koramu sun kawo. In ya zama dole sai babur, a nemi direba dattijo mai haƙuri, a gaya masa gaskiya cewa an yi mata aiki. A yi ciniki da shi a kan tafiyar hankali, ko da za a ƙara masa kuɗi. Wata mace ta riƙe jaririn a kan babur na biyu. Mai jego ta ninka zane ta tallafe mara da shi. In an zo wurin rairayi mai zurfi ko gangaren korama, ta sauka ta taka da ƙafa. Tafiyar ƙafa a hankali ba ta cutar da ita.

Ranar komawa gida

Tafiya ta farko, wadda ba makawa sai an yi ta, ita ce ta barin asibiti. Galibi ana sallamar mace bayan kwana 3 zuwa 5, wani lokaci fiye. Daga gidan likita na Kance ana tura mai naƙuda mai wuya asibitin gunduma na Matameye, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba. Wani lokaci kuma sai an wuce da ita Damagaram ta hanyar Takeita, kusan kilomita 70. A wajen zuwa hankalin kowa a tashe yake, ana neman motar asibiti, ana sayar da akuya. A wajen dawowa kuwa sai a ga kuɗi sun ƙare, a ce ai an tsira, a cusa ta a motar kasuwa tsakanin buhuna. Wannan shi ne sakacin da muka fi gani, kuma na maza ne.

In hali ya yi, a ɗauki shatar ƙaramar mota ko adaidaita. In bai yi ba, a biya mata kujerar gaba, ko a biya kuɗin mutum biyu don kada a matse ta. Kada ta hau babbar mota mai lodi wadda sai an yi tsalle ko an kama ƙarfe an ja jiki. Jariri ya kasance a hannun mai rakiya. A sa mata matashi a kan mara, ta riƙe shi in za a hau tudun rage gudu.

Idan tafiya ta wuce awa guda, a roƙi direba ya tsaya, ta sauka ta yi ƴan taku. Ga dalili. Bayan haihuwa jinin mace yana saurin daskarewa, kuma fiɗa tana ƙara wannan. Dogon zama ba motsi yana sa jini ya yi guda a jijiyar ƙafa. Gudan yana iya ɓallewa ya tafi huhu, ya kashe mutum nan take. Makonni 6 na farko su ne mafi haɗari. Ko tana zaune ta riƙa motsa tafin ƙafa sama da ƙasa, ta kuma sha ruwa. Wasu mata sukan ƙi shan ruwa a hanya don kunyar neman wurin fitsari. Mai rakiya ita ce za ta yi magana a madadinta.

Amalanken shanu ba shi da abin da ke tare gargada, amma ba shi da gudu, kuma mutum yana iya kwanciya a kansa. Daga bakin kwalta zuwa ƙauye, muna ganin ya fi babur. A shimfiɗa katifa, ko buhunan ƙaiƙayi da tabarma a kai. Ta kwanta a gefe, ta lanƙwasa gwiwa. A yi mata inuwa. A kama ta wajen hawa da sauka. Mai shanu ya ja su da igiya a gaba yana tafiya, kada ya zauna a baya yana kora su da bulala.

Sai maganar suna. Rana ta bakwai takan zo daidai lokacin da aka sallame ta, ko ma tana kwance ba a cire zare ba. Mun ga gidajen da ake matsa wa likita ya sallami mai jego don taron suna, ko a ɗauke ta daga gidan iyayenta a kai ta ƙauyen miji, a kuma dawo da ita. Ana iya raɗa wa yaro suna a inda uwarsa take. Ana iya yanka rago a gida ba tare da ita ba. Taron mata kuma a ɗaga shi, shinkafa da goro ba za su gudu ba. Mafi kyau, tun a asibiti dangi biyu su yanke shawara a kan gida ɗaya da za ta yi jego, a kai ta can tafiya guda, ta zauna. In gidan iyayenta ya fi kusa da gidan likita, shi ya fi, ko da ba haihuwar fari ba ce.

Tafiyar da ba a jira da ita

Kada wani ya karanta wannan shafi ya ce an hana mai jego fita, ya kulle ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba uwa da jariri a ranar haihuwa, da rana ta 3, da tsakanin rana ta 7 da ta 14, da kuma mako na 6. Ga wankin ciwo, ga cire zare. Waɗannan tafiye-tafiye wajibi ne. Kafin a bar asibiti a tambayi ungozoma ko za a iya yin su a gidan likita mafi kusa da ƙauye, a karɓi takarda.

Akwai kuma alamun da in an gan su, ba a duba rana ko dare, ba a duba irin abin hawa. Jini mai yawa da ke jiƙa ƙyalle cikin awa guda, ko yana fita guda-guda. Zazzaɓi da rawar ɗari. Bakin ɗinki ya yi ja, ya kumbura, yana fitar da mugunya, ko ya buɗe. Ruwa mai wari daga gaba. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo. Ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama. Ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko jijjiga. Duk matar da ta nuna ɗaya daga cikin waɗannan, a ɗauke ta nan take, a babur ne ko a amalanke. A wannan hali zaman gida ya fi kowace hanya haɗari. Abu ɗaya ne kawai: ba ita za ta tuƙa kanta ba.

Turmi da guga da hauya

Abin da ya hana ta birki shi ne ya hana ta taɓarya. Ƙa'idar likita mai sauƙin riƙewa ce: har zuwa mako 6, kada ta ɗaga abin da ya fi jaririnta nauyi. Jariri kilo 3 ne ko kusa da haka. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, nauyin jarirai takwas. Jan guga a rijiya mai zurfi, daka, surfe, ɗaukar itace, sunkuyon shuka, jan hauya, ɗaukar damin gero da kaka, ɗaukar damin rake ko ban ruwa a lambu da rani, duk su jira. Ko ɗaga yayan jaririn mai shekara biyu ya wuce ƙa'ida. Ta zauna, shi ya hau cinyarta.

Matar da ta haihu a farkon damina ita ce ta fi shiga matsi, domin tana kallon gamanarta tana cika da ciyawa. Ƙasarmu cike take da jama'a, gonaki ƙanana ne, kowace kunya tana da daraja. A nan ne miji da ƴan uwa za su nuna kansu. A yi mata gayya rana guda. A kai gero injin niƙa. Yara maza su ɗauko ruwa a amalanke. Matan da ke cikin asusu, irin na Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, suna iya ware wani abu don wannan rana tun ciki yana ƙarami.

Hutu kuma ba kwanciya ba ne dare da rana. Tun washegarin aiki likita yakan ce ta tashi ta taka. A gida ta riƙa zagaya tsakar gida safe da yamma, tana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Wannan yana hana jini daskarewa, yana sa ciki ya saki. In za ta tashi daga shimfiɗa, ta juya gefe ta dafa hannu, kada ta miƙe kai tsaye. In tari ko atishawa ya zo, ta dafe mara.

Mun yabi arba'in, amma ba duk abin da ke cikinsa ne ya dace da mai ɗinki ba. Kada a watsa tafasasshen ruwa da ganye a kan ciwon, kada a gasa shi, kada a shafa masa toka ko wani garin magani. Ruwa mai ɗumi da sabulu sun isa, a tsane wurin da ƙyalle mai tsabta. Kunun kanwa ma a sassauta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa yawan kanwa tare da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta suna da hannu a ciwon zuciya da kumburin da ke kama masu jego.

Bayan arba'in sai yawon arba'in, a zagaya dangi a nuna jariri. Kafin a fara shi, a fara da gidan likita. Can za a duba tabo, a auna jini, a yi wa jariri allurar rigakafi ta mako 6, a kuma yi maganar tazarar haihuwa. Mahaifar da aka ɗinke tana bukatar hutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a jira wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani ciki. Yawon kansa a raba shi: na cikin gari a fara, na Magarya ko Daura a bari sai jiki ya ƙara ƙwari.

Ranar da wani cikin ya samu, maganar hanya za ta dawo, kuma a wannan karo tun kafin haihuwa. Matar da aka taɓa yi wa fiɗa tana iya haihuwa da kanta a gaba, amma a asibitin da ake iya yin aiki, domin tsohon ɗinkin mahaifa yana iya yagewa a lokacin naƙuda. Kada a jira naƙuda ta fara sannan a shiga neman babur cikin dare. In wata na tara ya kama, musamman da damina, ta koma wajen dangi kusa da asibiti. Takardar da aka ba ta ranar sallama, wadda aka rubuta dalilin aikin farko a ciki, a sa ta cikin leda a ajiye a ƙasan akwati, a tafi da ita tun awon farko.